Rigar Robar Ɗiyata

Telar uwarta ce ta fara lura. Tana gwada wa ɗiyata ta biyu kayan sallah, ta ga kafaɗa ɗaya ta fi ɗaya tudu, duk yadda ta ja rigar ba ta zauna daidai. Ni fataucin shanu nake tsakanin Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa, idona na ga dabba ne, ban taɓa duban bayan yarinyar ba.

A babban asibiti aka ɗauki hoton ƙashin bayanta, ya fito a karkace. Likita ta sa hoton da shekarunta da tsayinta a kwamfuta. Ta ce na'urar tana kwatanta bayanta da na yara masu yawa da aka yi wa magani, sannan ta yi kirdado. Ta nuna mini zane biyu. Idan yarinyar ta sa rigar roba mai tauri kusan dare da rana har ta gama tsawo, ana sa ran karkatar ta tsaya. Idan sawa da cirewa za a riƙa yi, tiyata ce a gabanmu. Na tambaye ta ko tabbas ne, ta ce a'a, Allah ne masani. Wannan amsar ce ta sa na yarda da ita. Wanda ya ba ka tabbas a kan abin da bai zo ba, ka riƙe aljihunka.

Muka dawo da riga. Yarinyar ta jure zafi da ƙaiƙayi, ba ta ƙi ba. Matsalar daga mahaifiyata ta fito. Da an yi sallama a zaure, sai Hajiya ta ja yarinyar ɗaki ta kwance mata rigar, kada a fita da labarin jikarta na da doro. Gidanmu kuwa baƙi ba sa yankewa. Na gane ne ranar da na dawo da hantsi, na tarar da rigar a bayan buhun gero.

Na yi wa Hajiya bayani a tsugune, ta ce kwamfuta ba ta san bakin mutane ba. Gaskiyarta. Amma ni na sani. A kasuwar shanu, idan sa yana da aibi, ni ke fara faɗa kafin mai saye ya gani, daga nan maganar ta mutu.

Da za mu bikin suna a garin Ruwan Godiya, na tambayi yarinyar ko ta yarda a sani. Ta ce ta gaji da ɓuya. Ta sa rigar a kan atamfa, ta shiga tsakiyar mata. Ina daga ƙofa na ji wata gwaggonta tana ƙwanƙwasa robar.

"Ke, kunkuru kika koma?"

"Gwaggo, ki bari na miƙe, sai na fi ki tsawo."

Aka yi dariya. Hajiya ta kwana biyu ba ta amsa gaisuwata da kyau, amma ba ta ƙara kwance rigar ba, don ba sauran wanda za a ɓoye wa.

Da ta gama tsawo muka koma asibiti. Likita ta jera sabon hoto kusa da na farko, ta daɗe tana aunawa. Ta ce bayan bai miƙe sarai ba, amma karkatar ta tsaya, babu maganar tiyata. Ɗiyata ta tambaye ta ko yanzu za ta iya kwana rubda ciki.