Mijbil Mai Duba Tirela da Shimfiɗar da Bai Ɗaga Ba

Ɗan baffana Mijbil shekara ashirin da shida ya yi a ofishin kashe gobara, kuma ban taɓa jin ya kashe ko ashana ba. Da ya yi ritaya sai ya naɗa kansa alƙalin tirelolin ɗaukar dawaki na yankinmu Kabad gaba ɗaya. Babu wanda ya roƙe shi.

Amma a faɗi gaskiya, ya san abin. In ka kai shi gaban tirelar alminiyam, sai ya tattare farar rigarsa ya kwanta a ƙasa da tumbinsa, ya bi walda da yatsa layi-layi. Ya rataya a jikin ƙofa ya ji ko za ta sunkuya. Ya manna maganaɗisu a ƙashin ƙasa don ya kama inda aka ɓoye baƙin ƙarfe. Daga nan sai zagi.

"Wannan tirela ce ko gwangwanin madara? Wanda ya yi waldar nan da ƙafa ya yi ta!"

Babbar huɗubarsa kuwa a kan daɓen tirela take. Wai alminiyam ba ya tsatsa, amma fitsarin doki in ya kwanta ƙarƙashin shimfiɗar roba cinye shi yake kamar gara. Mun ji wannan har kunnenmu ya yi kanta.

Ni goɗiya ɗaya gare ni a duniya, Wadha, tana ɗauke da cikin wata bakwai. Ina neman tirelar da zan riƙa kai ta wurin likitan dabbobi, sai na ji Bu Dari, dattijon danginmu, zai sayar da tasa. Na ɗauki Mijbil muka tafi.

Ba a kai mu wurin tirela ba sai da muka zauna a majalisa, aka zuba mana gahawa sau uku, aka turo dabino. Da muka fito Mijbil ya yi ta shawagi, ya kwanta, ya rataya, ya yaba walda. Sannan ya shiga ciki ya kama bakin shimfiɗar roba.

Bu Dari ya shafa gashin bakinsa, ya kira Mijbil da sunan mahaifinsa. "Ɗan Falahu, gahawata tana cikinka za ka ɗaga mini shimfiɗa? Ni na ce maka daɓen nan lafiya lau. Ko maganata ba ta isa ba?"

Wallahi ina kallo yatsun Mijbil suka saki robar ɗaya bayan ɗaya.

"Haba Baffa, Allah ya ja kwana, ƙura nake kakkaɓewa."

Na ja shi gefe. "Kai, daɓen fa?"

"Mutum kamar Bu Dari ya yi magana ka ce daɓe? Saya kawai."

Na saya. Kwana tara bayan nan, muna kan titin asibiti da hantsi, na ji tirela ta girgiza, sai wani kuka da ban taɓa jin doki ya yi ba. Kafin in tsaya mun yi tafiyar da ta isa. Daɓen ya ɓurme, ƙafar Wadha ta baya ta zurma har kwalta. Inda ya ɓurme ɗin fari fat, yana marmashewa a hannu kamar busasshen burodi. Likita ya zo ya duba, ya girgiza kai. A gefen titi aka yi mata allurar mutuwa, ita da abin da ke cikinta.

Na yi wa Mijbil wankin babban bargo a gaban mutane. Na ce gwanin banza, mai ilimin da kofi uku ke wankewa. Na rantse in na haɗu da tsohon nan sai ya ji abin da bai taɓa ji ba.

Washegari Bu Dari ya zo jaje da sandarsa, majalisata cike. Ya zauna, ya ce, "Ɗana, ashe haka Allah ya ƙaddara."

Kowa ya zuba mini ido. Na buɗe baki, sai na ji kaina ina cewa, "Allah ya ja kwana, Baffa, ai laifin titi ne. Ramuka sun yi yawa."

Mijbil yana zaune daura da ni. Sai ya matsa ya ba ni wuri kusa da shi.