Ƙadangaren da Ya Ƙi Shan Ruwa

Ana ta yaɗawa a layinmu wai Ƙadangare yana rikiɗa ya zama dutse. Wai abin ya faro daga babban yatsan ƙafarsa ta dama, yana hawa sama a hankali, kafin shekara ta ƙare matarsa za ta jingine shi a ƙofar gida a riƙa wasa wuƙa a jikinsa. Mai shayi har rantsuwa ya yi cewa ya ƙwanƙwasa masa gwiwa da cokali, ya ji ta yi ƙara kamar tukunya. Ƙarya ce, jama'a. Ɗan goggona ne, taubashina, na fi kowa sanin jikinsa. Ba dutse yake zama ba, alli ne kawai yake fita daga jikinsa, shi ma ba mai yawan da za a kai makaranta ba.

Kafinta ne mai rufin kwano. Tun muna yara ba ya zama a ƙasa, shi ya sa sunan ya bi shi. Idan ya hau gini yakan tuɓe takalmi ya bar shi a gindin tsani, ya bi katakan rufi ƙafa ba komai, babban yatsansa na damƙe katako kamar hannu na uku. Ƙusoshi a baki, guduma a hannu, ƙasa tana can nesa har mutane su koma kamar kiyashi. Ni dai ina shagon ƙusa da kwano, daga nan nake kallonsa, wuyana na ciwo.

Yana da wata doka da ya gada wurin maigidansa: wanda ya hau ba ya sauka sai rana ta faɗi. Sauka ɓata lokaci ne, kuma a wurin hawa da sauka ake faɗuwa. To wanda ba zai sauka ba, ba zai yi fitsari ba, wanda kuwa ba zai yi fitsari ba, ba zai sha ruwa ba. Haka yake wuni a kan kwano mai zafin da zai soya ƙwai, gumi na zuba, bakinsa a bushe ƙamas. Da yamma in ya sauko sai ya rama. Lemon kwalba mai sanyi ɗaya bayan ɗaya, sannan ya zauna gaban mai gashi, a jera masa hanta da ƙoda da sauran kayan ciki. Shanun garin nan in suka hango shi juya baya suke yi.

Wata safiya matarsa ta aiko a kira ni. Na tarar da shi kwance, ƙafar a kan matashi, yatsan ya kumbura ya yi jajir yana sheƙi, zafi na tashi daga jikinsa kamar an ciro shi daga murhu. Lafiya lau ya kwanta, bai buge ba, bai taka komai ba. Na ɗan ja zanen gado ya shafi wurin, sai mutumin nan da ke tafiya a sama kamar tsuntsu ya kurma ihu har kajin maƙwabta suka watse.

"Taubashi, ko ciki yatsan ya yi?" na tambaye shi.

"Fita mini daga ɗaki kafin in jefe ka da rediyo."

Aka ce targaɗe ne, aka kawo mai ɗori. Bawan Allah ya kama yatsan ya ja da iya ƙarfinsa. Ba zan faɗi abin da Ƙadangare ya ce masa ba, akwai yara masu karatu. Bayan 'yan kwanaki ciwon ya tafi da kansa, kamar ba a taɓa yi ba, mai ɗori ya sha yabo, taubashina ya koma sama.

Nan ne abin ya yaudare mu. Ciwon yakan tafi, amma bai taɓa yin nisa ba. Ya dawo a yatsan, ya dawo a idon sawu, ya leƙa gwiwa, kuma kowace dawowa tana fin ta baya saurin zuwa da jinkirin tafiya. Ƙadangare ya gano kyamis, ya riƙa sayen ƙwayar kashe zafi yana watsawa a baki kamar gyaɗa, ya haɗiye da yawu ya hau tsani. Sai ƙulli ya fito masa a gefen kunne, wani a gwiwar hannu, masu tauri. Wani da ya fito kusa da yatsan ya fashe wata rana, wani farin abu kamar jiƙaƙƙen alli ya fito. Matarsa ta same ni a shago, ta rage murya ta ce ta ga jini a fitsarinsa, kuma yana riƙe ƙugu in ya ɗauka ba a kallonsa.

"Ka yi masa magana, kai yake ji."

"Ni? Ni zagi kawai yake ji daga bakina."

Ban yi dariya ba bayan ta tafi.

Ranar da abin ya faru, wani dogon sito yake rufawa, irin wanda in ka ɗaga kai hularka ke faɗuwa. Na kai masa ƙusa. Na ga takalmansa a gindin tsani, na dama an yanke masa baki da reza don ƙafar ta shiga. Ina jin guduma tana bugawa a sama, tana bugawa, sai ta yi shiru. Na ɗaga kai. Yana tsakiyar katako, babu bango kusa, babu kwano a ƙarƙashinsa, ya ɗaga ƙafar dama yana neman inda zai ajiye ta. Ya ajiye, ta ƙi karɓarsa. Gudumar ta suɓuce, ta daɗe tana tahowa kafin ta daki siminti a gabana. Ya durƙushe ya rungume katakon da hannu biyu, ƙusoshin bakinsa suka zubo kamar ruwan sama.

Magina suka hau da igiya suka sauko da shi kamar buhun siminti. Idonsa a rufe har ƙasa.

A asibiti likita ta ɗebi jini, ta zuƙi ruwa daga gaɓar da allura, ta duba ƙullin kunnen. Ta ce sunan ciwon gawut. Yadda na fahimta da guntun karatuna, jiki yana tara wani datti mai suna yurik asid, nama ja da kayan ciki da kayan zaƙi na kwalba suna ƙara shi, ƙoda kuma ke wanke shi ya fita ta fitsari. In ya yi yawa, ko ruwa ya yi kaɗan, sai ya daskare a gaɓoɓi ya zama ƙananan allurai, a ƙoda kuma ya zama tsakuwa. Ta ce ana gadonsa, ƙiba da giya ma suna jawo shi. Da ta ambaci giya, Ƙadangare ya yunƙura a fusace zai tashi, ƙafar ta zaunar da shi.

"Ruwa nawa kake sha a wuni?" likitar ta tambaye shi.

Na ce, "Likita, raƙumi ya fi shi sha."

Ba ta yi murmushi ba. Ta ce ƙodarsa ta fara gajiya, ƙwayoyin kyamis ɗin nan sun ƙara mata nauyi, ya daina su yau. Ta ba shi magani iri biyu, ɗaya na kashe wutar in ta tashi, ɗaya na kullum ko da ciwo ko babu, kada ya ajiye shi don ya ji sauƙi. Ruwa da yawa, hanta da ƙoda da lemon kwalba a yi sallama, kuma ranar da gaɓa ta kumbura ko kujera kada ya hau. In ya ƙi, gaɓoɓin za su karkace, ƙodar kuma ba ta ihu irin na yatsa, shiru take yi har ta tsaya.

Yanzu ya koma aiki. Ƙullin kunnen yana nan, likita kuma ba ta gama da ƙodar ba, an ce ya riƙa komawa gwaji. Yana hawa da jarkar ruwa ɗaure a ƙugu, yana taka katako a hankali kamar mai tambayarsa izini. Matarsa takan tsaya a ƙofa har ya sha kwana. Jiya na riƙe masa tsani, kafin azahar ya sauko ya fi a ƙirga, kowace sauka sai bayan gini.

"Taubashi," na ce, "dā Ƙadangare, yanzu famfo. Ko in kawo maka fo irin na jarirai a rataya maka a sama?"

Ya tsaya a matakin ƙarshe, ya kurɓi ruwa, ya dube ni daga sama har ƙasa.

"Saukowa da ƙafata nake yi, ba da igiya ba. Kai da tun da aka haife ka ba ka taɓa hawa abin da ya fi bencin shago tsawo ba, rufe baki ka riƙe tsani da kyau. In na faɗo, a kanka zan sauka."