Hayaƙin Kitika a Hanyar Shagari

A shekarun ƙarshe na mulkin Turawa ina malamin gona, zaune a Boɗinga da iyalina. Aikina shi ne zagaya ƙauyuka tun daga Danchadi har Shagari, ina raba irin auduga, ina duba lambunan albasa a fadama. An ba ni wata tsohuwar kitika koriya, wato ƙaramar motar nan mai buɗaɗɗen baya, tare da direbanta, wani dattijo da ya koyi tuƙi a soja. Kowa Kofur yake ce masa. Ba ya yarda kowa ya taɓa masa mota. Ko ƙofa ka rufe da ƙarfi sai ya harare ka.

Wata bazara na fara ciwon kai. Duk ranar da muka fita, kafin azahar kaina ya yi nauyi, zuciyata na tashi. Matata ta dafa mini saiwoyi, na sha rubutu, ba sauƙi. Abin mamaki, ranar da ba mu fita ba garau nake wuni. Akwai kuma wata ƙara da nake ji da safe in an tayar da injin, tas-tas-tas, kamar ana ɓare busasshiyar gyaɗa, wadda takan lafa in mota ta ɗauki zafi. Na gaya wa Kofur.

Ya ce, "Malam, kai dai auduga ka sani. Motag ga lahiyatta lau."

Na ƙyale shi, don ya girme ni nesa.

Rannan mun doshi Shagari da buhunan iri, mun kusa Dandin Mahe, sai na ga mota tana barin hanya. Na waiwaya, ashe Kofur gyangyaɗi yake. Kafin in yi ihu mun faɗa gonar wani, muna tsallen kunyoyi, har injin ya mutu dab da wani gawo. Allah ya kiyaye, babu wanda ya ji ciwo. Kofur ya fito ya zauna a ƙasa, idanunsa jawur, yana ta maimaita cewa tun da yake tuƙi bai taɓa barci a kan sitiyari ba.

Mun daɗe a inuwar gawon kafin mutanen gari su taimaka a turo motar kan hanya. A cikinsu akwai maƙerin garin, wani gajeren tsoho mai ƙunar wuta a hannuwa, wanda ko shiga mota bai taɓa yi ba. Injin ya riga ya huce, saboda haka da aka tayar sai ƙarar nan ta dawo. Tsohon ya karkata kai yana saurare.

Ya ce, "Wanga abu iska na hita mai ta inda ba ƙohwa. Zugazugina in ya huje, haka nika ji."

Kofur ya ɓata rai, ya ce injin Bature ba zugazugi ba ne. Na ce, "Kofur, don Allah buɗe mashi ya gani." Ya ɗaga bonet yana gunaguni.

Maƙerin ya tsinci 'yar audugar da ta maƙale a bakin buhu, ya naɗa a kan kara, ya riƙa bi da ita a hankali gefen injin, wurin da wani ƙarfe mai rassa yake kwasar hayaƙi ya kai salansa. Reshe na farko shiru, na biyu shiru. Da ya kai na ƙarshe, wanda ke jikin mazauninmu, sai audugar ta hau rawa. Muka leƙa, ga baƙin hayaƙi ya yi zane a wurin, noti ɗaya ya faɗi, gaskit, wato faifan da ke toshe tsakanin ƙarfen da injin, ya ƙone. Ta nan hayaƙin ke fita, ya bi ramukan ƙasan mota ya shigo mana. Shi muka yi makonni muna shaƙa, shi ya jawo ciwon kaina da gyangyaɗin Kofur.

Kofur ya tsaya yana kallon audugar. Can ya ɗauko sifanunsa.

A ƙofar maƙera aka yi aikin. An jira ƙarfe ya sake hucewa, aka ɗiga man gyaɗa a kan notocin da suka yi tsatsa, Kofur ya kwance su ɗaya bayan ɗaya. Maƙerin ya ɗora ƙarfen a kan shimfiɗaɗɗen dutse, ya ga bakinsa ya ɗan karkace, ya yi ta goga shi da magagari har ya daidaita. Sa'an nan ya shiga gida ya fito da wata tsohuwar tasa ta jan ƙarfe, ya buge ta ta baje, ya ɗora ƙonannen gaskit ya zana, ya yanka. Ya gasa shi har ya yi ja, ya tsoma a ruwa, ya ce haka jan ƙarfe ke laushi ya kwanta. Wajen ɗaurewa kuwa Kofur ne malami. Ya ciro noti daga wani wuri a bayan motar, ya nuna wa tsohon yadda ake farawa daga tsakiya a bi gefe, kaɗan-kaɗan. Kafin la'asar sun koma kiran juna "abokina". Matar maƙerin ta aiko mana da fura mai sanyi a ƙwarya, har yau ban manta ɗanɗanonta ba.

Aka tayar da mota, babu tas-tas. Kofur ya dube ni, na gyaɗa masa kai.

Mun bar gari kaɗan sai ya tsaya a gefen hanya, wai zai ƙara ɗaure notoci. Bai fita ba.

Ya ce, "Malam, ban taɓa jin ƙarag ga ba. Kunnena na hagu ya mutu tun muna soja, yanzu na dama ma ya hwara. In Baturen gona ya jiya, sallamata za a yi."

Na ce, "Kofur, ni ban ji komi ba. Amma in na ce maka mota na kuka, ka yarda."

Haka muka yi damina biyu. Kullum da safe in tsaya gaban bonet in saurara, in gaya masa abin da na ji, shi kuma ya san inda zai taɓa. A hanya ni ke gaya masa in babbar mota na oda a bayanmu. Daga baya shi da kansa ya ajiye aiki, ya koma Lambara wajen ƙaninsa yana noman albasa. Nakan biya in gaishe shi in na je rangadi. A lokacin sai na ɗaga murya sosai kafin ya ji, har maƙwabta suna leƙowa su ga ko faɗa muke, mu kuwa muna zaune a tabarma muna dariya.