Yaya Ilu, Wanda Ba a Taɓa Nema Ba

Shekara bakwai ke nan da muka binne wana, Yaya Ilu, a nan Riyad, amma wallahi yau ba kuka na zo yi ba. Murna ce ta cika ni. Ku dai yi haƙuri in ɗauko muku zancen daga tushe.

Yaya Ilu magini ne, mutumin Damagaram, mai dariyar da ake jiyowa daga hawa na uku. Wata rana ya faɗo daga saman gini, ƙafar dama ta karye. Ma'aikaci irinsa mai iƙama, wato takardar izinin zama, yana da haƙƙin magani da diyyar rauni daga asusun gwamnati. To, da ma sun yi cacar baki da kafil ɗinsa, ubangidan da ya ɗauke shi aiki, sai mutumin ya aiko masa cewa ya kai rahoton hurub, wato ya shaida wa hukuma Ilu ya gudu daga aiki. Mu a nan kowa ya san fassarar wannan. Sunanka na fitowa a kwamfuta, maganar diyya ta tsaya, maganar kamu ta taso.

Shi ke nan, Yaya ya haƙura. Wani mai ɗori ɗan Maraɗi ya ɗaure ƙafar a ɗaki, ta warke a karkace. Daga nan ya zama sarkin lungunan unguwar Suwaidi. Ko gurasa zai sayo, sai ya zagaya ta bayan gidaje yana ɗingishi, ta inda motar 'yan sanda ba ta shiga. Mu yi ta tsokanarsa, shi kuwa ya ce, "Ku yi dariyarku, ni dai babban titi ba da ni ba."

Da zazzaɓi ya ɗauke shi, na je neman izinin binnewa. Jami'in ya duba, ya sake dubawa, ya ce iƙama dai ta ƙare, amma hurub ba a taɓa sa wa wannan suna ba. Jama'a, ashe barazana ce kawai! Bawan Allah ya sadaukar da ƙafarsa da haƙƙinsa yana gudun mutanen da ba su ma san da shi ba. Abin ya daɗe yana ci mini rai.

To ga abin da ya kawo ni. Bana Sabi'u, kafintan da muke ɗaki ɗaya, injin yanka katako ya cinye masa yatsu biyu, kafil ɗinsa kuma ya aiko masa da irin wancan saƙon. Ran nan na hango shi yana shan kwana zai shiga lungun Yaya, lungun nan dai. Kaina ya yi zafi. Na damƙo rigarsa na ce, "Sabi'u, ba za ka zame mini Ilu na biyu ba!"

Yanzu a waya ake duba ko an sa wa mutum hurub. Muka duba, nasa gaskiya ne, rahoton na nan, diyya ta tsaya cak. Amma an shigar da shi ne Sabi'u na kwance a asibiti. Wanda ke kan gadon asibiti, ina ya gudu? Da ƙafarsa ya je ofishin ƙwadago, ya faɗi haka. An sha zirga-zirga kam, amma jiya aka soke rahoton, aka buɗe masa maganar diyya. Alhamdulillahi!

Ina ta tunanin abin da Yaya zai ce da ya ga wannan zamani. Na san shi, zai juya wayar gaba da baya, ya ce, "Yanzu 'yar wannan abar ce za ta gaya mini ba kowa a bayana?" Sannan ya tuntsire da dariyar nan tasa, ya ce a kai shi babban titi.

Yaya bai bar gida ba, bai bar gona ba. Labarinsa ya bari, kuma duk wanda ya ji shi ba ya ƙara ɓuya bai duba ba. Yau da hantsi ni da Sabi'u muka je sayen gurasa ta babban titi. Motar 'yan sanda ta zo wucewa, sai ya ɗaga musu hannun nan mai yatsu uku, ɗayansu ya ɗago masa nasa. Yaya, Allah Ya jiƙan ka, gaisuwar nan taka ce.