Numfashin Ayuba da muka hana a goge

Shekara huɗu ke nan da rasuwar ƙanena Ayuba. Mutanen unguwar Fereej Abdel Aziz sun san shi da gyaran na'urar sanyaya ɗaki, amma maƙwabtan ɗakinsa da abin busarsa, saksofon, suka san shi, kuma Allah ya sani sun sha wahalarsa. Irin kiɗan jaz ɗin da yake busawa ba shi da amshi, ba shi da inda za ka kama ka bi, kowane makaɗi abin da ya zo masa yake yi. Nakan ce masa, "Ayuba, wannan busa ce ko akuya ta maƙale a shinge?" Sai ya yi dariya ya ce, "Yaya, kunnenki ne bai waye ba."

Da korona ta shigo, ina aikin jinya ina kwana cikin takunkumi, ashe shi za ta kama. Ya tashi, amma huhunsa bai koma daidai ba. Hawa bene ma sai ya tsaya ya huta. Likita ya ce ya ajiye busa, ni ma na ce ya ajiye, har na ɗauke saksofon ɗin na kai gidana a unguwar Ain Khaled. Ya biyo ni ya karɓi abinsa.

Da aka sassauta kulle, ya tara mu a wata gona a Umm Salal da la'asar, shi da Malam Sani, mutumin Zangon Kumasi mai buga masa ganga. Da can yakan ja sauti ɗaya har ka ji tsoro. Ranar kuwa guntu-guntu yake busawa, ya tsaya ya ja iska da ƙyar, Malam Sani ya jira shi, ya sake aukawa. Kai, ranar na ji abin da yake ta faɗa mini! Na yi kuka, kuma ba na tausayi ba ne. Ba a yi nisa ba bayan nan zuciyarsa ta tsaya.

Da muka kai busar da aka naɗa ranar a gonar wurin mai tace sauti don a fitar da faifai, ya ce zai goge wannan haki, wai yana ɓata kiɗan. Ni da na ga yadda Ayuba ya sha fama kafin ya samu iskar nan, na ce ko ɗaya ba za a taɓa ba. Malam Sani ya ce, "Khalas, shi ke nan, Yaya ta gama magana."

Faifan ya fito lokacin gasar kofin duniya da aka yi a ƙasar nan, gari cike da baƙi. Wani mai shayi a unguwarsu ya riƙa sa shi, sai ga mutanen ƙasashen da ban san sunansu ba suna tsayawa da tutocinsu a kafaɗa. Wani mai busa daga cikinsu ya tambaye ni a ina Ayuba ya koyi wannan salon na jan numfashi. Na ce a gadon asibiti.

Da yana nan, da ya ishe ni da tsiya, ya ce kunnena ya waye a makare. Ni dai har yau idan na dawo daga aiki nakan kunna faifan. Wasu busar suke saurare. Ni ma'aikaciyar jinya ce, tsakanin busa da busa nake kasa kunne, in ji ƙanena ya ja iska, ta kuma ishe shi.