Ginin da Aka Ɗauke wa Ƙofa

A shekarata ta ƙarshe a jami'a a Manchester, inda na karanta zanen gine-gine, malaminmu ya ce kowa ya zaɓi tatsuniya ɗaya ta Girkawan dā ya mayar da ita gini, kuma lallai a samu abin da ke motsi a ginin. Na ɗauki labarin sarkin da ya sa aka gina masa gida mai lunguna rututu, ya ajiye dodo a tsakiya. Duk wanda aka tura ciki ba ya gane hanyar fita, sai wani saurayi da 'yar sarkin ta ba dunƙulen zare, ya ɗaure bakinsa a ƙofa, yana tafiya yana warwarewa.

Ni zaren bai dame ni ba, lungunan ne suka burge ni. Na zana gidan tarihi mai bangaye da ke gangarawa a kan dogo irin na jirgin ƙasa, hanyar da ka bi da safe ba ita za ka tarar da la'asar ba. Na haɗa ɗan samfurinsa da kwali a ɗakina na unguwar Withington. Malamin ya yaba har kaina ya kumbura.

Lokacin gwamnati na ta tsuke bakin aljihu. A Birmingham, inda iyayena suke, council, wato ƙaramar hukuma, ta rufe cibiyar yinin tsofaffi da ake kai Baba sau uku a mako. Baba injiniya ne, ya yi shekaru yana aikin gadoji kafin ciwon mantuwa ya kama shi. Da aka rufe wurin, Umma ce kaɗai ke fama da shi. In na kira ta, ba ta wuce, "Lafiya lau muke, ki yi karatunki."

Wata Asabar na hau bas da samfurin a cinyata, ina ɗokin nuna wa Baba. Na ajiye shi a teburin cin abinci. Ya sa tabarau, ya zura ɗan yatsa ta ƙofar, ya riƙa bin lungunan a hankali har ya kai tsakiya. Sai na ja bango ɗaya, kamar yadda nake yi a gaban 'yan ajinmu.

Ya juyo da yatsan ya tarar da hanya a toshe. Ya koma, ya sake dawowa.

"Ina ƙofar?" ya ce. "Wa ya ɗauke ƙofar?"

"Baba, ai haka aka tsara shi. Bangon ne ke motsi."

"Da mutane a ciki?" Ya zare yatsansa daga ciki. "Wane azzalumi ne ya zana wannan?"

Ban iya cewa ni ce ba. Umma ta zo ta kama shi, ta kai shi falo tana lallashi.

A kicin ta gaya mini abin da ta ɓoye. Ranar Laraba Baba ya fita sallar Azahar, a masallacin da ya shekara goma sha yana zuwa, bai dawo ba har bayan La'asar. Wata mata 'yar Ghana ce ta ji shi a tashar bas yana tambayar Turawa hanyar gida da Hausa, ta riƙo shi har bakin ƙofa.

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba, Umma?"

"In faɗa miki ki yi me? Ki bar jami'a ki zo mu zauna muna kallon juna?"

Da na koma Manchester na manne bangayen duka da gam. Gidan tarihin na mayar da shi gidan yinin tsofaffi: hanya ɗaya mai zagayawa ta dawo inda ta fara, da jan makari na katako da hannu zai bi tun daga ƙofa. Abin da ke motsi kawai rufin ne, yana buɗewa yana bin rana don haske ya riƙa sauka a mashiga.

Malamin bai ji daɗi ba. Ya ce na kashe abin tsoron da ke cikin labarin. Ranar jarrabawa wata baƙuwar malama ta daɗe tana dubawa, sannan ta tambaye ni wa zai gina irin wannan alhali waɗanda ake da su ma rufe su ake yi. Na ci, amma da sakamako tsaka-tsaki.

Ban samu aiki a Manchester ba. Na koma gida, ina zana wa mutane ƙarin kicin da banɗaki, ina karɓar Umma in ta gaji. Bayan shekara biyu abin ya fi ƙarfinmu, muka kai Baba gidan kula da tsofaffi a wajen gari. Doguwar baranda ce, ƙofofi iri ɗaya hagu da dama. Na roƙi shugabar wurin ta bar ni in yi wa ƙofar Baba fenti daban. Ta ce doka ba ta yarda ba, amma za mu iya liƙa hotonsa. Muka liƙa. Baba ya tsaya ya kalle shi, ya tambaye ni ko baƙo ne ya sauka a ɗakin.

A mota, da muka kusa gida, Umma ta juyo ta dube ni.

"Gobe ki kai masa bargonsa," ta ce. "Na can ba shi da kauri."