Kasona a Teburin Tasha

Mu uku muka haɗa jari muka kafa tebur a bakin tashar Gaya: yayana kaso biyu, ni ɗaya, ƙanwarmu ɗaya. Alewa, ashana, goro, sai taba sigari da direbobin kamyo, manyan motocin kaya, masu jiran binciken duwan a kan iyaka ke saye kara-kara. Ƙarshen wata yaya ya raba riba gida huɗu, kowa ya ɗauki nasa.

Babban mai sayen tabarmu kuwa Baba ne, tsohon direba, kuma ba ya yarda a ba shi kyauta. Tarinsa ke tashe ni kafin ladan. Ina tsoron tarin nan ƙwarai. Lokotoron asibiti ya yi magana, Inna ta yi kuka, Baba ya ce su sha kuruminsu. Ni kuma ina cin riba daga abin da ke cin ƙirjinsa, abin na ci mini rai.

Sai aka ƙara wa taba haraji, kara ya yi tsada. Baba fa ko albasa zai saya sai ya taya har mai ita ya gaji. Amma wanda ke zaune a tebur ɗan farinsa ne, wanda ko sunansa ba ya faɗa don kunya. Ina zai tsaya ciniki da shi? In kuma ya tsallaka gada zuwa Benin neman mai araha, kafin ya dawo gari ya ɗauka cewa ya guji teburin 'ya'yansa.

Ranar da ya fara zuwa bayan ƙarin, ina wajen. Ya miƙo kuɗin da ya saba, yaya ya sunkuyar da kai ya ce, “Baba, ta tashi.”

Baba ya dubi kuɗin, ya dubi titi. “To, ba ni goro.”

Da kyar na riƙe guɗa har gida. Ba a rana ɗaya ya bar taba ba, ya yi ta faɗa da kowa, har da akuyar Inna, amma kullum goron na ƙaruwa.

Ƙarshen watan yaya ya zo fuska a murtuke, wai direbobi ma sun rage, kowane kaso ya rame. Na karɓi nawa ina rawa. Ƙanwarmu ta ce, “Yaya, anya lafiyarki?”

Wata asuba kiran ladan ne ya tashe ni. Gidan shiru, babu tarin Baba. Gabana ya faɗi, na fito a guje ko ɗankwali babu. Ga Baba a tsugune da buta yana alwala.

“Ke kuma wa ya koro ki?” in ji shi.